Yadda ake lallaɓa ciki idan an ce mabiyiya ta samu matsala

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da mazan da za su daure su karanta har ƙarshe, dan wallahi rabin maganar nan taku ce. A cikina na uku ne, ina wata biyar na je sikanin, mai sikanin ya daɗe yana zagaya abin nan a marata yana kallon allo bai ce komai ba, can sai ya ce Hajiya mabiyiyarki tana ƙasa fa, ki kai wa likitanki takardar nan kar ki ajiye ta a gida. Na fito jikina a sanyaye, a cikin adaidaita sai juya takardar nake ban gane ko kalma ɗaya ba. Daga ranar har zuwa ranar da aka ciro min 'yata a sati na 37 na koyi abubuwa da yawa, wasu a bakin likitoci da nas-nas, wasu kuma a wajen matan da muka yi kwanciya ɗaki ɗaya. Shi ne na ce bari in jera su yadda mace za ta bi, amma duk abin da likitanki ya faɗa miki shi ne gaba da nawa, dan shi yake ganin cikinki.

Abu na farko, ki san wace irin matsala ce taki

Mabiyiya, wadda wasu ke ce wa uwa, wasu kuma su ce mahaifa duk da mahaifa ita ce jakar da ɗan yake ciki, ita ce naman nan da ke manne a bangon mahaifa, cibiya ta taso daga jikinta ta tafi wajen jariri. Ta nan yake samun abinci da iska, ta nan yake fitar da datti. In ciki ya tsufa nauyinta yakan kai wajen rabin kilo, kuma jinin da ke bi ta mahaifa a lokacin ya fi rabin lita a duk minti ɗaya. Ki riƙe wannan lissafin a ranki, shi ne dalilin da ya sa in jini ya ɓalle daga wajen ba a cewa bari a ga safiya.

Matsalar ba iri ɗaya ba ce, kuma kowacce da yadda ake bi da ita. Akwai wadda mabiyiya ke zama a ƙasa kusa da bakin mahaifa ko ta rufe shi gaba ɗaya, likitoci na ce mata firibiya, irin tawa kenan. Alamarta jini ja jawur ba tare da ciwo ba, kina zaune lafiya ko kina barci kawai ki ji ɗumi. Akwai wadda mabiyiya ke ɓanɓarewa daga bangon mahaifa tun ɗan bai fito ba, wannan ta fi zuwa da ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar katako ya ƙi saki, jinin yakan yi duhu, wani lokacin ma ba za ki ga jini a waje ba yana can ya taru a ciki, kuma hawan jini na daga cikin manyan masu jawo ta, sai faɗuwa ko bugu a ciki ko haɗarin mota. Akwai wadda mabiyiya ke kafewa ta shige cikin naman mahaifa ta ƙi rabuwa bayan haihuwa, ana ce mata akrita, ta fi samun wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa kuma mabiyiyar ta zo ta zauna a kan tabon, kuma duk yawan tiyatar da aka yi miki a baya haka haɗarin ke ƙaruwa. Sai kuma wadda mabiyiyar tana inda ya kamata amma ta gaza, ba ta kai wa ɗan abinci yadda ya dace, sai a ga ciki baya girma, ruwa ya ragu, motsi ya yi ƙasa. Hawan jini da maleriya da ciwon suga da sikila duk suna iya kawo wannan.

In a sikanin wata biyar aka ce miki tana ƙasa, ki kwantar da hankalinki tukuna. Wajen tara cikin goma na irin wannan, yayin da mahaifa ke girma sai ta ja mabiyiyar ta yi sama, shi ya sa ake maimaita sikanin a sati 32, in har tana nan a sake a sati 36. Tawa dai ba ta matsa ba, amma mata biyu da muka fara awo tare tasu ta haye kuma da kansu suka haihu.

Na biyu, ki koma wajen likita da tambayoyinki a rubuce

Mu dai mun san yadda layin awo yake, ki fito tun bayan asuba ki karɓi lamba, in kin shiga minti biyar an sallame ki, sai kin fito ki tuna ba ki tambayi komai ba. Toh ki rubuta a takarda ko a waya tun daga gida. Ki tambaya, mabiyiyar ta rufe bakin mahaifa ne ko kusa kawai take, in kusa ne santimita nawa, dan abin da suke dubawa shi ne ko ta kai santimita 2 tsakaninta da bakin. Tana ta gaba ne ko ta baya, kuma in an taɓa miki aiki, tana kan tabon? Akwai alamar ta kafe? Girman yaron ya yi daidai da satinsa? Yaushe zan dawo sikanin? Zan iya haihuwa da kaina ko aiki ne, in aiki ne a sati na nawa? In na ga jini da dare wace ƙofa zan nufa a asibitin nan?

Kar ki ɓoye komai. In an taɓa miki wankin ciki bayan ɓari ki faɗa, in an taɓa cire miki ƙari a mahaifa ki faɗa, in mabiyiya ta taɓa ƙin fita a wata haihuwar ki faɗa, ko da a gida aka yi. In suka ce za a yi miki sikanin ta ƙasa kar ki tsorata, shi ya fi nuna gaskiyar inda take kuma in ƙwararre ne ya yi baya taɓa ta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a sa miki hannu a duba bakin mahaifa alhali mabiyiya na ƙasa, wannan kam ko waye ki buɗe baki ki ce an ce min mabiyiyata tana ƙasa, kar kunya ta hana ki.

Duk takardun sikanin da katin awo da sakamakon gwajin jini ki haɗa su a leda ɗaya, ki ɗauki hotonsu a wayarki, ki tura wa maigida da wata 'yar uwarki ta WhatsApp. Ranar da abu ya taso ba lallai ki iya magana ba, takardar ce za ta yi magana a madadinki.

Na uku, ki zaɓi inda za ki haihu tun yanzu

Nan ne mata da yawa ke yin kuskure. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa yana da amfaninsa, yana kusa, sun san ki, amma wannan cikin ya fi ƙarfinsa. Kina buƙatar inda ke da ɗakin tiyata da ke aiki dare da rana, da ma'ajiyar jini, da likitan mata, da mai ba da maganin barci, da ɗakin jarirai bakwaini mai kwalba. Alhamdulillahi a Kano muna da manya, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, akwai Asibitin Murtala a Ƙofar Mata, akwai na Muhammad Abdullahi Wase da muke ce wa asibitin Nasarawa. In a ƙaramin asibiti kike awo ki roƙi su rubuta miki takardar turawa, ki je ki buɗe fayil a babban tun kina da ƙafarki, ba sai ranar da aka ɗauko ki ranga-ranga ana neman kati ba. Wadda aka ce tata ta kafe kuwa, ita kam asibitin koyarwa ko makamancinsa, dan aikinta na taron likitoci ne, har na mafitsara akan nema wani lokacin.

In kina zaune can nesa, irin su bayan Rijiyar Zaki ko Gunduwawa ko ma wajen gari, kuma kin taɓa ganin jini ko sau ɗaya, ki yi shawara da maigida ki koma gidan wani ɗan uwa kusa da asibitin daga wata bakwai. Ni gidan yayata na koma, kuma ban yi nadama ba.

Na huɗu, maganar jini

Wannan ki ba shi muhimmanci fiye da kayan jariri, wallahi fiye da akwatin suna. Hanya biyu ce, ki gina naki, sannan ki tanadi na wasu.

Naki, ki tambayi nawa ne awon jininki duk zuwa, abin da suke ce wa fisibi, in ya yi ƙasa da 33 to kina da ƙarancin jini. Ki sha jan maganin nan na ƙarin jini da folik asid kullum, na san yana sa tashin zuciya da taurin bayan gida da baƙin kashi, amma ki daure, in ya gagara ki faɗa a canza miki wani ko a yi miki na ruwa ta jijiya. Kar ki kora shi da shayi ko madara, suna hana shi shiga jiki, ki sha da ruwa ko ki bi shi da lemon zaƙi. Ki ci wake, alayyahu, zogale, kifi, nama, ƙwai gwargwadon hali. Maganin kariyar maleriya da ake bayarwa a wajen awo daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau 3, kar ki karɓa ki jefa a jaka, dan ƙwayar maleriya a cikin mabiyiya take ɓuya tana cinye jini tana tauye yaro ke ba ki ma ji zazzaɓi ba. Gidan sauro kuma kullum, ba sai da damina ba. Sai dai in kina shan folik asid mai ƙarfi ko wani magani na daban ki faɗa musu kafin su ba ki maganin kariyar maleriyar.

Na wasu kuma, ki san rukunin jininki, ki sa maigida ya nemo mutum uku ko huɗu, ƙannensa, abokansa, 'yan majalisarsu, a je a gwada su tun yanzu a san wanda nasa ya dace, a ajiye lambobinsu. Ki tambayi asibitin leda nawa suke so a ajiye kafin aiki kuma yaushe za a kawo. Na ga miji yana zagaye harabar asibiti ƙarfe biyun dare yana kiran waya yana kuka, kowa wayarsa a kashe, abin da da an yi shi da rana tsaka sati biyu kafin nan da shikenan. In jininki nagetif ne ki ninka ƙoƙari dan samunsa wuya, kuma ki tuna wa likita maganar allurar anti-D, wadda ke hana jikinki yaƙar jinin jariri, ana so a yi ta cikin awa 72 bayan duk wani zubar jini da kuma bayan haihuwa in jaririn fozitif ne.

Na biyar, izini da mota da kuɗi

Malam maigida, nan naka ne. Ka ba matarka izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da duk wanda ke gidan, ka ce in ta ga jini ko ciwo ta tafi asibiti ko ina nan ko bana nan, ko wayata ta shiga ko ba ta shiga ba. Mata nawa ne suka zauna cikin jini suna jiran miji ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya dan kar a ce sun fita ba izini. Ka kuma faɗi wanda zai sa hannu a takardar aiki in baka nan, ita ma kanta tana da ikon sa wa kanta hannu, ka gaya mata ka yarda.

Mota, a samu lambar mutum biyu masu mota a layinku da mai adaidaita ɗaya da aka yarda da shi, a gaya musu halin da ake ciki dan su bar waya a kunne, ba kowane lokaci ake samun abin hawa da tsakar dare ba. In motarku ce kar a kwana tanki a bushe. A san hanyar da za a bi in da rana ne, dan wanda ya san cunkoson wajen Kantin Kwari da Ƙofar Wambai da yamma ya san ba hanyar mai jini ba ce.

Kuɗi kuma a fara tarawa, ko adashi ne a roƙi a ba ku ɗauka kusa da lokacin, a ajiye wani abu a hannu dan ranar da kake sauri ranar taransifa ke maƙalewa. In kuna da inshorar lafiya, ta jiha ta KSCHMA ko ta tarayya, a je a tambaya me ta ɗauka me ba ta ɗauka ba tun kafin ranar. Jaka ki haɗa ta tun wata bakwai, zannuwa, audugar mata mai yawa, kayan jariri kaɗan, caja, da ledar takardun nan a sama. A kuma san wa za a bar wa yara.

Na shida, zaman gida

In mabiyiya na ƙasa, yawanci likita zai ce a dakata da kwanciyar aure, kuma kar a sa komai ta gaba, ba matsi ba tsarki da wani haɗi. Wannan magana ce mai nauyi a gidajenmu, na sani, musamman in akwai abokiyar zama kina tunanin kar a ce kin gaza. Abin da na yi shi ne na tafi da maigidana awo likita ya faɗa masa da bakinsa, daga ranar ban sake shan wahalar bayani ba.

Daka, ɗaukar bokitin ruwa, jan guga, wankin tsugune mai yawa, goya yaro mai nauyi, duk ki sauke su. Tafiya mai nisa a hanya mai gargada, biki a wani gari, ki ba da haƙuri. Amma kuma ba a ce ki kwanta kamar gawa ba, kwanciya wuni guda tana iya sa jini ya daskare a ƙafa, ki dinga ɗan zagayawa a tsakar gida sai dai in likita ne ya ce ki kwanta. Daga sati 28 ki saba kwanciya ta gefe, ba rigingine ba. Ki sha ruwa sosai ki ci kayan lambu dan kar ki dinga yunƙuri a banɗaki.

Dan Allah ki bar jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ake cewa suna sauƙaƙa naƙuda, ki bar maganin zaƙi da ba ki san me ke ciki ba, duk abin da zai sa mahaifa ta murɗa zai iya yage mabiyiyar. Addu'a kam ki yi ta ba dare ba rana, ba ta hana magani, maganin ma baya hana ta. Maganin ciwon jiki na kyamis irin su ibufurofen da diklofenak ki nisance su, farasitamol ya isa in dole ne. Asfirin ƙarami da ake ba masu haɗarin hawan jini, sai in likita ne ya rubuta, kuma in kin fara ganin jini ki tambaye shi ko ki ci gaba. In azumi ya same ki a wannan hali ki tambayi likita ki tambayi malami, addini ya yi wa mai ciki sauƙi in akwai tsoron cutuwa.

Masu hawan jini, in da hali a sayi na'urar awo ta gida ko ki dinga leƙa kyamis na kusa ana duba miki kina rubutawa. In ya kai 140 bisa 90 ki sanar da asibiti, in ya kai 160 bisa 110 ki tafi a lokacin. Ciwon kai mai tsanani da baya jin magani, ganin wuta-wuta ko dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, waɗannan 'yan aiken jijjiga ne, ba aljanu ba ne ba kuma maita ba.

Sai motsin yaro. Ke kika fi kowa sanin ɗanki, kin san lokacin da yake tashi. Wasu asibitocin suna cewa ki ƙirga, ya kai goma cikin awa 12. In kin ji ya ragu ko ya canza ki tafi a saurari zuciyarsa ranar, kar ki yarda da zancen wai in haihuwa ta matso yaro yana daina motsi, ba gaskiya ba ne.

Na bakwai, ranar da kika ga jini

Ko cokali ɗaya ne, ko ya tsaya da kansa, asibiti. Jinin farko na firibiya sau da yawa kaɗan ne kuma yakan tsaya, sai mace ta ce ai ya wuce, alhali gargaɗi ne na babban da ke tafe. Ni nawa ya zo a sati 31 da asuba, na tashi alwala na ga zanina ya ɓaci, ba ciwo ko kaɗan.

Ki kira wanda zai kai ki, ki sa auduga a waje kawai kar ki cusa komai, ki duba agogo ki riƙe lokacin da ya fara. Zanin da ya ɓaci da audugar da kika canza ki sa a leda ki tafi da su ko ki ɗau hoto, da shi za su kimanta yawan abin da kika zubar. Kar ki tsaya wanka, kar ki tsaya ɗora girki. Kar ki ci kar ki sha komai dan ƙila a shiga da ke tiyata. A mota ki kwanta ta gefen hagu. Kar a biya da ke wajen ungozoma ko kyamis a ce a yi allurar tsayar da jini, kar a tsaya ƙaramin asibiti sai in shi kaɗai ne a kusa kuma kina neman suma. Kuna isa wanda ya rako ki ya ɗaga murya a ƙofa ya ce mai ciki ce tana zubar da jini, mabiyiyarta a ƙasa take, ba a bin layi da wannan. In kina jin jiri, zufa mai sanyi, zuciya na bugawa da sauri, ko cikin ya ƙame ya yi tauri ko da ba jini, duk hukuncinsu ɗaya.

Na takwas, kwanciya da aiki

Ƙila su riƙe ki kwana biyu su sallame ki, ƙila su ce sai kin haihu. Ni sati biyu na fara yi, aka sallame ni, na sake dawowa. Zaman akwai gundura da kewar yara, ga zafi ga sauro, amma ki daure kar ki sa hannu ki ce kin sallami kanki. In cikin bai kai sati 34 ba, to za su yi miki allurar da ke ƙarfafa huhun jariri ko da za a ciro shi da wuri, ki karɓa ki cika ta. Za su bar miki allurar ruwa a hannu ko ba a sa komai, kar ki matsa a cire, hanyar gaggawa ce.

Mabiyiyar da ta rufe ƙofa ba ta da hanya sai aiki, yawanci a sati 36 zuwa 37, wadda ta kafe kuma akan yi ɗan gaba da haka, dan ba a so naƙuda ta riga su. Za ki ji maganganu, wai raguwa ce, wai likitocin yanzu son yanka suke, wai wance ta haifi goma a ɗaki. Ki bar su, wance ba ta da nama kwance a bakin ƙofa. Ni surukata da farko ba ta so ba, sai da na ce Hajiya ki zo mu je ki ji da kunnenki, likitar ta zana mata a takarda, tun a nan ta ce Allah ya sa a yi a sa'a, kuma ita ta kwana da ni.

Abu mafi nauyi shi ne takardar da za a kawo cewa in jini ya ƙi tsayawa za a cire mahaifa. Ga mai akrita wannan ba abin mamaki ba ne, sau da yawa shi ne hanyar tsira. Ku zauna ke da maigida ku yi maganar nan a gida cikin natsuwa, ku yi kukanku ku gama, ku tambayi likita ko akwai yadda za a gwada a bar ta, amma kar a tsaya gardama a ƙofar tiyata. Na kwana kusa da wata baiwar Allah da aka cire wa tata a haihuwa ta biyar, ranar da za a sallame ta tana rungume da ɗanta take ce min ita dai ta gode Allah da za ta koma ta tarar da sauran huɗun.

Na tara, bayan an haihu

Haɗari bai ƙare da kukan jariri ba, awannin farko ake fi zubar da jini, musamman ga irinmu dan ƙasan mahaifa baya matsewa da ƙarfi kamar sama. Akwai wani babban bincike da aka fitar a 2023 a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna in aka auna jinin da leda mai ma'auni aka gano da wuri aka haɗa magunguna lokaci guda, zubar jini mai tsanani na raguwa da kusan kashi 60 cikin 100. Darasin da ke ciki gare mu shi ne a gani da wuri, toh mai jinyarki ta dinga ɗaga zani tana dubawa, in auduga na jiƙewa sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya ko guda-guda na fita ta kira nas da ƙarfi, kar ta ce bari su gama abin da suke.

Wadda ta haihu da kanta kuma mabiyiya ta wuce minti 30 ba ta faɗo ba, kar a ja cibiya, kar a sa mata muciya ko gashi a baki dan ta yi kakari, kar a danne ciki, a tafi asibiti. In ta fito a gida a tafi da ita a duba ko ta cika, ɗan guntun da ya rage yana iya sa jini ko ruɓa bayan kwanaki. In kuna so a ba ku ita ku binne kamar yadda aka saba ku faɗa tun kafin aiki, wani lokacin sukan riƙe ta su kai gwaji.

A gida ki ci gaba da maganin ƙarin jini, ki koma a duba ɗinki da hawan jini ranar da aka ce. Wankan jego da tafasasshen ruwa a kan ɗinki ki haƙura da shi, ruwa mai ɗumi ya wadatar, kunun kanwa kuma mai hawan jini ta bar shi dan gishirin da ke cikinsa yana wahalar da zuciya. Zazzaɓi, ruwa mai wari, jini da ya dawo da yawa bayan ya ja baya, kumburin ƙafa ɗaya, numfashi sama-sama, duk a koma. In kin ga kullum kuka kike, ba barci, abin da ya faru yana ta dawo miki, ki faɗa wa wadda kika yarda da ita ki faɗa wa likita, ni sai da na yi wajen wata biyu ina firgita in na ga jan zani.

Kafin a sallame ki ki roƙi a rubuta miki abin da aka gani da irin yankan da aka yi wa mahaifar, ki adana tare da takardun nan. Ki tambayi tsarin tazarar da ya dace da ke, bayan aiki ana so a huta kamar shekara biyu kafin wani cikin. In Allah ya kawo shi kuma, ki fara awo tun watannin farko a babban asibiti, ranar farko ki ajiye musu ledar takardun a kan tebur ki ce a duba min inda mabiyiyar ta zauna.